Allon da Na Rubuta wa Mai Shayi

Na daɗe ina shan shayi a rumfa ɗaya a Gashua, tun ina sabon malamin firamare ko keke ba ni da shi, har furfura ta fara fito mini a gemu. A duk tsawon shekarun nan ban tuna ranar da na ɗaga kofi da hannun dama babu karan taba a hagu ba.

Mai rumfar ɗan unguwarmu ne, mutumin Bade, abokin wana marigayi. Ya ba ni shekara bakwai ko takwas, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam, duk da ya san ni tun ina yawo ba wando. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana. Idan yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, yakan ɗaga hannu har ya wuce kansa, kuma ko ɗigo ba ya zuba. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Ko goro bai dame shi ba.

Rumfar tana bakin hanyar da ta gangara kasuwa. Da farko zana ce kawai da benci biyu. Da harka ta buɗe sai ya rufa mata kwano, ya kewaye ta da langa-langa, ya bar ƙofa ɗaya da 'yar taga, ya rataya tampol a ƙofar saboda sanyin safiya. Mu masu shan taba mun fi kowa murna da wannan gyara, don iska ta daina kashe mana ashana. Ba wanda ya tsaya tunanin ta inda hayaƙin zai riƙa fita. Idan aka idar da sallar asuba muka taru, mutum goma ko fiye, rabinmu da taba a hannu, ga gawayin tukunyarsa na ci a gefe, sai ka hangi na ƙarshen benci kamar ta bayan labule. Mu dai awa guda muke yi mu watse. Shi kuwa yana nan har hantsi, ya koma gida, ya dawo da la'asar, wasu su zo su ɗora daga inda muka tsaya.

Mutum biyu ne ba sa fashi kamar ni. Ɗaya direba ne Babarbare, dogo, mai murya kamar ganga, yana jigila tsakanin Gashua da Nguru. Shi ne sarkin masu hayaƙi, da wutar kara yake kunna kara. Ɗayan Bafillatani ne dillalin shanu, ba ya shan taba, kullum yana bakin ƙofa yana fifita da malafarsa. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari su biyun nan suka riƙe shi kamar sana'a.

"Mu idan mun yi hayaƙi, sauro muke kora wa shanu," in ji dillalin. "Ku Barebari me kuke kora?"

"Kai muke kora," in ji direban, "ka ƙi tafiya."

A yi dariya, Yaya ya murmusa, ya ci gaba da yanka burodi.

Tarin ya fara masa ne a hankali, har ba zan iya cewa ga shekarar ba. Mun saba da shi kamar yadda muka saba da ƙarar cokali a kofi. Yakan juya mana baya, ya yi tarinsa, ya wanke hannu, ya dawo kan aiki. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce a sha zuma da citta, direban ya kawo masa wata saiwa daga kasuwar Nguru. Sai da ya kai idan ya ɗauko jarkar ruwa daga famfo yakan tsaya sau biyu a hanya yana haki, tafiyar da ba ta fi taku talatin ba.

Wata ranar Asabar uwargidansa ta aiko a kira ni. Ta tsaya daga cikin zaure, ni ina waje, muka gaisa.

"Malam, yayanka ba ya barci a kwance," ta ce. "A zaune yake kwana, ya jingina da bango. Na yi magana har na gaji, ya ce wa zai bar wa rumfa. Kai yake jin kunyarka. Don Allah ka kai shi Nguru a duba ƙirjin nan. Tsorona kada ya zama tarin fuka, ga yara a gida."

Ban sha wahalar shawo kansa ba kamar yadda na zata. Da na yi masa maganar sai ya goge tebur, ya ce, "To, ranar Talata." A nan na gane shi ma tsoron ya daɗe da kama shi.

A motar direban muka tafi. Ya ba mu gidan gaba, ya ƙi karɓar ko kwabo. Tun daga fitarmu gari har muka wuce Jajimaji taba na hannunsa, yana busawa ta taga iska na dawo da ita ciki. Ni ma na sha kara biyu. Yaya na tsakiyarmu, ya rufe hanci da gefen babbar rigarsa. Yanzu idan na tuna wannan tafiyar sai in rasa inda zan sa kaina, amma a ranar ko a jikina.

A asibiti muka wuni. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majina, muka zauna a benci muna jira har bayan la'asar. Likitan da ya kira mu matashi ne, ba zai wuce sa'an ɗan Yaya na fari ba. Ya fara da cewa ba tarin fuka ba ne. Na ji Yaya ya sauke wata ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Sai likitan ya ɗaga hoton ya duba a hasken taga, ya ce:

"Baba, shekara nawa ka yi kana shan taba?"

"Ban taɓa sha ba."

"Baba, ni ba liman ba ne. Faɗa mini gaskiya don in san maganin da zan ba ka."

"Wallahi, ɗana, tunda uwata ta haife ni ban taɓa sa ta a baki ba."

Likitan ya ajiye hoton, ya tambaye shi sana'arsa. Ya ce shayi yake sayarwa. Ya tambaye shi a fili ne ko a ɗaki. Da me yake dafawa. Masu zuwa suna shan taba a ciki? Mutum nawa? Tun yaushe? Yaya na amsawa ɗaya bayan ɗaya, kansa a sunkuye kamar shi ya yi laifi. Ni kuwa ina tsaye a bayan kujerarsa, kwalin taba na aljihun gaban rigata, farin yadi ne, ana ganinsa sarai. Likitan ya ɗago ya dubi aljihun, ya dubi fuskata. Bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya yi masa bayani cewa hanyoyin numfashinsa sun gaji da hayaƙi, na gawayi da na taba. Abin da ya lalace ba lalle ya koma sabo ba, amma idan aka raba shi da hayaƙi, ya riƙe magani, zai samu sauƙi sosai. Idan kuma ya ci gaba da zama a ciki, to, ba ya son ya faɗi sauran. Ya rubuta masa magunguna da wani abin shaƙa, ya ce ya dawo bayan wata uku.

A hanyar komawa ban kunna taba ba. Direban ya tambaya, na ce ba fuka ba ce, ya yi hamdala, ya kunna tasa. Sauran bayanin likitan ban faɗa masa ba. Yaya ma bai faɗa ba.

Kwana biyu bayan haka, na zo wucewa daga makaranta, ya kira ni. Ba kowa a rumfar. Na lura ya fitar da murhun gawayin waje, ya yi masa 'yar inuwa a gefen taga. Ya jawo wani falankin katako daga ƙarƙashin tebur, ya riga ya goge shi, ya miƙo mini tare da ƙaramin gwangwanin jan fenti.

"Malam, kai ne mai kyan rubutu. Rubuta mini a nan cewa an hana shan taba a cikin rumfar nan. Ka yi da boko, ka yi da ajami a ƙasa, kada wani ya ce bai iya karantawa ba."

Na karɓa, ina jujjuya katakon. Na ce, "Yaya, ko a sassauta? A ce, don Allah a rage shan taba. Ka san halin mutane."

"Shekara nawa ina cewa don Allah a zuciyata?" ya ce. "Rubuta an hana."

"Za su gudu fa."

"Na sani."

"To ni fa?"

Ya dube ni, ya ɗan yi dariya, tarin ya katse shi. Da ya lafa ya ce, "Kai ma ai ka iya karatu."

Na tafi da katakon gida. Kalma bakwai ce ko takwas, amma sai da na ɓata yammacin nan duka a kansu. Na ja layi da fensir, na goge, na sake ja. Matata ta leƙo ta karanta, ta dube ni, ta koma madafa tana dariya har tana riƙe ciki. Gaskiya na yi rubutun da kyau, don ko allon makarantarmu ban taɓa yi wa irin wannan ƙawa ba. Da na gama, na jingine shi a bango ya bushe, na zauna a gabansa na kunna taba.

Washegari da asuba ya buga shi da ƙusa a saman ƙofa. Direban ne ya fara isowa bayana. Ya tsaya ya karanta a bayyane, sannu a hankali, ya shigo yana dariya, ya zauna, ya zaro kara ya sa a baki.

"Alhaji," in ji Yaya, "a waje."

Direban ya tsaya da ashana a hannu. "Da gaske kake? Gwamnati ce ta aiko?"

"Ba wanda ya aiko. Likita ya ce hayaƙin nan ne ke cin ƙirjina."

"Hayaƙinmu? Kai da kake kwana a kan gawayi?"

"Shi ma na fitar da shi. Ga shi can."

Direban ya waiwayo gare ni. "Malam, wannan ai hannunka ne. Kai ka rubuta mana takardar kora?"

Na ce aiki aka ba ni. Dillalin shanu kuwa abin nema ya samu, ya ajiye malafarsa ya ce yau dai an ga wanda aka kora. A wata rana da dariya za a yi. A ranar direban bai yi ba. Ya miƙe, ya ce shekara ashirin yana zama a kan bencin nan, da shi aka ɗora kwanon rufin, a motarsa aka ɗauko langa-langar, yau kuma shi ne za a nuna wa ƙofa kamar akuya. Ya fita bai sha shayinsa ba. Mutum huɗu suka bi shi. Yaya ya ɗauki kofin, ya miƙa wa dillalin, ya ce sha kada ya huce.

Akwai wani mai shayi kusa da tasha, can suka koma. Cikin mako guda rumfar Yaya ta zama kamar masallaci bayan an watse. Ba masu shan taba kaɗai suka tafi ba, har da waɗanda hirar direban ke kawowa. Ni na daure kwana biyar. Ina shan shayi hannuna na hagu na neman abin riƙewa, in gutsuri burodi, in murza hula, in ƙwanƙwasa tebur. Shayin ma sai na ji kamar ba shi ba. Kafin in kai rabin kofi na fita gindin dogon-yaron da ke tsallaken hanya na kunna, in dawo in tarar ya huce. Ga shirun da ya yi yawa, har kana jin tafasar ruwa.

A rana ta shida ƙafata ta kai ni tasha. Na ce wa kaina ai hanyar makaranta ta nan ta fi kusa, alhali ƙarya ce, zagaye ne. Suka tarbe ni da shewa, direban ya matsa mini wuri, ya kunna mini da kansa. Na yi kusan mako uku ina zuwa can. Idan zan wuce unguwarmu sai in bi ta lungu don kada Yaya ya hango ni.

Ba zan ce ban ji daɗin zaman ba. Na ji. Amma akwai abin da ya hana ni sakewa. Mai shayin tashar magidanci ne, bai kai arba'in ba, shi ma ba ya shan taba, rumfarsa kuma ta fi ta Yaya ƙunci. Sai na sami kaina ina kallonsa. Yadda yake ƙanƙance ido idan ya sunkuyo ajiye kofi a gabanmu. Yadda yake kawar da kai ya ja numfashi ta wajen ƙofa kafin ya juyo. Shekaru ina zaune gaban mutum yana yin haka ban gani ba, sai da likita ya dubi aljihuna.

Ranar kasuwa na haɗu da dillalin shanu wajen masu tattasai. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Malam, kai ka rubuta doka, kai ka fara gudunta? Ko a Barebari ban ga irin wannan ba."

Na fara kame-kame. Ya katse ni, wasan ya bar fuskarsa.

"Jiya mu uku muka sha shayi. Burodin da ya saba ƙarewa kafin hantsi, har yamma yana nan. Bai yi ƙorafi ba. Amma duk wanda ya ɗaga tampol sai ya ɗago kai da sauri, in ya ga ba kai ba ne ya mayar. Ni dai na faɗa maka."

Da asubar washegari na sha tabata a ƙofar gida, na wanke baki, na tafi. Na daɗe a tsaye kafin in ɗaga tampol ɗin. Na shirya jawabi tun a hanya, har da rantsuwa. Yaya ya ɗago, ya gan ni, ya ɗauko kofina daga inda yake ajiye shi.

"Malam, an dawo daga tafiya? Ya hanya?"

Na ce lafiya lau. Shi ke nan. Bai sake tayar da maganar ba har yau.

Sai da na zauna na ga abin da ya yi da kwanakin da ba ciniki. Ya wanke langa-langar da sabulu da soso, ashe ba ruwan ƙasa ba ce, fara ce. Ya cire tsohon tampol da ya sha hayaƙi har ya yi tauri, ya sa sabo. Ya faɗaɗa tagar. Wurin yana ƙanshin citta da kanumfari da soyayyen ƙwai, abubuwan da na san yana sawa amma ban tuna na taɓa jin ƙanshinsu a rumfar ba. Shi kansa idonsa ya washe. Tarin yana nan, amma ba irin mai durƙusar da mutum ba.

Cinikin bai dawo da wuri ba, kada in yi ƙarya. An yi wajen wata biyu ana lallaɓawa. Ya rage burodin da yake karɓa, ya daina sayen ƙwai da yawa. Akwai safiyar da na gan shi zaune ya zuba wa ƙofa ido, na ce a raina yau zai ce in sauke allon. Na ma shirya abin da zan ce masa, don a lokacin ni ne ba na son a sauke. Bai ce ba.

Wanda ya fara shigowa cikin sababbin fuska shi ne limamin masallacinmu. Shekara da shekaru yana wucewa ta ƙofar rumfar, ya yi sallama daga waje ya wuce. Ran nan sai ga shi ya ɗaga tampol, ya zauna, ya ce a ba shi mai citta. Ya ce ya daɗe yana sha'awar shayin nan, amma ba zai shiga da rigar da zai ja salla ya fito tana wari ba. Daga shi sai wasu manoman shinkafa da ke wucewa fadama da sassafe. Sai ma'aikatan jami'a biyu da ke haya a bayan layinmu, su kuma suka jawo abokansu. Har wata ma'aikaciyar jinya takan tsaya a soya mata ƙwai ta tafi da shi wurin aiki, abin da a da ko kusa da ƙofar mace ba ta zuwa. Hirar ta sauya. An rage zancen tayar mota da rigimar 'yan tasha, an koma farashin taki da yadda ruwan kogi ya yi bana. Wani lokaci nakan yi kewar tsohuwar hayaniyar. Dillalin shanu ya fi ni kewa, duk da ba zai amsa ba. Ya rasa abokin faɗa, ya koma tsokanar liman, liman kuwa ba ya ramawa.

Wata safiya na tarar Yaya ya sa an kai tsohon benci guda gindin dogon-yaron nan na tsallaken hanya, an ajiye gwangwani cike da yashi a gefensa.

"Na waye?" na tambaya.

"Naka ne. Na gaji da ganinka a tsaye kamar mai jiran mota."

Ba nawa ba ne ni kaɗai, mu duka mun sani. Labari ya kai tasha. Bayan kwana kaɗan biyu daga cikin waɗanda suka tafi suka dawo, suna shan shayi a ciki, su tsallaka su yi hayaƙinsu, su dawo. Direban ne ya ƙi. Sai ranar wata Juma'a muka ji motarsa ta tsaya a bakin hanya. Bai shigo ba. Ya wuce kai tsaye ya zauna a bencin, ya kunna tabarsa, ya juya wa rumfar baya, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji:

"Wai a garin nan ba a sayar wa na waje shayi ne?"

Yaya ya ɗauko kofin shayi. Ya haɗa shi yadda direban ke so, madara da yawa, sukari kamar za a yi alewa. Dillalin ya yi wuf ya karɓi kofin, ya ce shi zai kai, don bai taɓa ganin Babarbare a ɗaure a gindin bishiya ba. Muna jiyo su daga ciki, sun kaure, wannan na cewa bawana, wancan na cewa bawana. Yaya na yanka burodi, kafaɗunsa na rawa saboda dariya.

Da direban ya gama, ya binne guntun tabar a yashi, ya kawo kofin da kansa har bakin taga. Ya tsaya yana kallon cikin rumfar.

"Wancan na tasha ruwan zafi yake sayarwa," ya ce. Ya ajiye kofin. "Ya ƙirjin?"

"Da sauƙi, Alhaji."

"Malam ya ce mini ba fuka ba ce. Bai ce mini mu ne ba."

"Ai na faɗa maka."

"Ka faɗa ina cikin fushi. Wa ke jin magana cikin fushi?" Ya sosa ƙeya. "Yaushe za ka koma wurin likitan? Kada ka shiga motar kowa."

Ranar komawar, tun daga Gashua har Nguru direban bai kunna ko kara ɗaya ba. Goro ya yi ta ci, yana masifa da duk wanda ya sha gabansa, yana zagin ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya. Da muka isa tasha, kafin mu gama sauka ya riga ya ɓace bayan wata rumfa.

Likitan nan dai muka samu. Ya sa abin sauraro a ƙirjin Yaya da bayansa, ya ce ja numfashi, saki, sake ja. Ya ba shi wani bututu ya hura. Ya tambaye shi barci. Yaya ya ce yanzu a kwance yake kwana, har uwargida na ƙorafin minshari. Likitan ya yi dariya, ya ce ci gaban ya fi yadda ya zata. Ba warkewa ba ce gaba ɗaya, abin shaƙar nan zai daɗe tare da shi, kuma lokacin sanyi sai ya kula. Amma idan aka ci gaba a haka, ba abin tayar da hankali.

Ban san na riƙe numfashi ba sai da na sake shi. Wata uku ina ɗauke da wani dutse a ƙirji, ina tunanin idan mutumin nan ya mutu, da hannuna a ciki, ni da nake ce masa Yaya. Na nemi kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

Likitan ya dube ni. Wannan karon kwalin na aljihun wando, amma ya gane ni.

"Malam, kai fa? Yaushe za mu duba naka?"

Na ce ina nan tafe. Ya ce Allah ya sa. Ban daina shan taba a ranar ba, sai da azumi ya zagayo na samu na yar da ita, bayan na gwada na faɗi sau biyu. Amma wannan wani zance ne.

Da muka fito ƙofar asibiti na ɗaga hannu zan tsayar da mai keke ya kai mu tasha. Yaya ya sauke mini hannun.

"Bari mu taka."

"Yaya, da nisa fa. Ga rana."

"Na sani. So nake in gani."

Muka kama hanya. Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya sa kai, yana tafiya irin ta gajerun mutane, taku ƙanana masu sauri. Muka wuce masu gyaran babur, muka wuce masu sayar da busasshen kifi, ya tsaya ya taya wani ƙulli, bai saya ba, ya ci gaba. Tun ina kafaɗa da kafaɗa da shi har na koma bayansa. Kafin mu kai rabin hanya gumi ya jiƙa mini riga, ƙirjina na ƙara kamar tsohon zuga-zugi. Na tsaya a inuwar wani shago, na dafa gwiwa.

Ya yi nisa kafin ya lura. Ya waiwayo, ya dawo da baya, ya tsaya a kaina yana kallona, ko haki ba ya yi sosai.

"Malam, ko in tsayar maka da mai keken?"

Na girgiza kai, don ba ni da iskar magana. Ya saya mini ruwan leda a shagon, ya jira na sha, sannan muka ƙarasa tashar a hankali, yana rage sauri saboda ni.